Awon da Ba na Baba Ba

"Sau nawa za ki ɗage bikin nan, Sakina? Mutanen gidanmu sun hwara cewa ba ki sona."

Sakina ta sunkuyar da kai. Wallahi tana son Manzo kamar ranta. Amma tun da likitar Tasawa ta ba mahaifinta, Baba Mamudu, na'urar awon tansiyo, wato hawan jini, wadda ake ɗaurawa a dantse ta aika sakamakon kai tsaye zuwa salular ma'aikaciyar jinya Jamila, hankalinta bai kwanta ba. Sai jinin ya yi kwanaki lafiya lau, rana guda kuma Jamila ta kira a firgice.

"Masoyina, ka yi haƙuri... in na tare garinku Kanan-Bakashe, wa za ya kula da shi? Ni kaɗai gare shi."

"Ni kuma hwa?"

Ya tada babur ya tafi, ita kuwa ta yi kuka har ta gode Allah.

Ranar da mahaifin Manzo, Malam Lawali, ya sake zuwa Maijirgi, garinsu Sakina, kan maganar bikin, Sakina ta shige ɗaki kamar kullum, don yarinya mai kunya ba ta tsayawa gaban suruki. Manzo na ƙofar gida yana jira. Can sai ga kiran Jamila.

"Tansiyon Baba ya hau sosai. Yanzu-yanzu awon ya shigo."

Kunya ta tafi hutu. Ta faɗa zaure ko takalmi babu, Manzo ya hango ta, shi ma ya shigo.

Baba Mamudu na zaune daram yana shan fura. Na'urar kuwa tana ɗaure a dantsen Malam Lawali.

"Baba... mi ke nan?"

"Mi kika gani? Baƙo ya zo, in ba shi ruwa, in ba shi hura, in hana mai awo? Kullum ya zo sai na gwada mai."

Ta zauna a ƙasa. Ashe duk ranakun da Jamila ke kira, ranakun zuwan suruki ne. Tsohon nan nata, mai kyautar da ba a tambaye shi ba, lafiyarsa ƙalau. Wani sanyi ya ratsa zuciyarta, sai da ta ɗago ta ga fuskar Manzo.

A ranar ya ɗauki mahaifinsa zuwa Tasawa. Jamila ta ce an yi dace, abin bai yi nisa ba. A rage gishiri, a riƙa shan magani, a ba shi tasa na'urar.

Da yamma Manzo ya dawo, idanunsa jawur.

"Da kin biye mani mun yi biki, da ba mu sani ba sai ya hwaɗi."

"To, ka ce su sa rana," in ji Sakina tana murmushi. "Can gidanku aka fi buƙatata."