Tsohon Da Ya Ce Mu Janye Anga

Daren Kirsimeti muka jefa anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, a bayan tsibirin Carriacou, ni da matata Verlyn, cikin jirgin ruwan da ya zame mana gida. Tsakar dare aka ƙwanƙwasa jikin jirgin.

Wani tsoho ne a kwalekwale, rigarsa jiƙe sharkaf. Na lalubo adda, don ɓarayin injin jirgi ma da sallama suke zuwa.

Ya ce, "Ɗana, janye angarka. Ta hau jirgina, iyalina sun kasa barci."

Na ce, "Baba, giyar biki ce? Mu kaɗai ne a nan."

Verlyn ta damƙe hannuna, ta nuna sarƙar angar. Can ƙarƙashin ruwa, inda sarƙar ta ƙare, fitila tana ci a tagar wani jirgi, yara biyu sun ɗago kai suna kallonmu.