Mai Tsinke Wutsiyar Kulɓa

Ran da Evdokiya ta fara ganinsa, kwance yake rub da ciki a bayan tandarsu ta gasa burodi, hannunsa cikin ramin katanga.

"Bawan Allah, me ka yar?"

"Kulɓa nake nema," ya ce, ya ɗago fuska duk toka.

Sunansa Lefteris, ɗalibin jami'a daga tsibirin Kirit. Sai ya kama kulɓa, ya tsinke ɗan bakin wutsiyarta ya jefa a kwalba, ya sake ta. Kafin burodi ya gasu matan Olimbos, ƙauyensu na kan dutse, sun gama shari'arsa: ko boka ne, ko kansa da motsi.

Ita kuwa kullum sai ta sami dalilin zuwa bayan tanda.

"A cikin ɗan naman nan akwai gadon da uwa kaɗai ke bayarwa," ya ce mata wata rana. "Uba ba ruwansa. Da shi nake bin dangin kulɓa, uwa bayan uwa, in ga wacce ta haɗa kaka da ta wane tsibiri. Na nan kam, da alama tun da teku ya zagaye su ba su fita ba."

Ba ta yi dariya ba. Ita ce 'yar fari, don haka gidan uwarta, gonar zaitun, sarƙar zinariya, har sunan kakarta, duk nata ne. Ƙanwarta Fotini ko cokali ba za ta gada ba. Amma mai gadon gida ba ta barin gida. Jirgin ruwa sai dai ta hango shi ta taga.

Da maganar aurensu ta taso, uwarta Kalliyopi ta ce sam. "Mai bin ramuka? Ga Minas ya dawo daga Amurka da mota."

"Mama, Minas in yana gaishe ni rufin gidan yake kallo."

"To ai mai hankali ke nan."

Kwatsam Lefteris ya ɓace ba sallama. Matan unguwa, Allah ya saka musu, suka ce mata yana da wata a Kirit, har da launin gashinta. Evdokiya ta rame, tana murza ƙullu kamar mai faɗa da shi. Sai ga saƙo:

"Kurciyata, ba gudu na yi ba. An ba ni aiki a Kirit, kuma injinan binciken a nan suke, ba sa hawa dutsenku. Na kasa ce miki ki bar gidan kakarki saboda ni. Amma ko abinci ba na ci."

Ta rubuta: "Mai wutsiyata, ka ci abinci. Ka guge kwat ɗinka."

Ranar Lahadi, bayan coci, a gaban kowa, ta cire sarƙar ta rataya wa Fotini, alamar ta bar mata gadon. Wata tsohuwa sai da aka ba ta ruwa. Kalliyopi ta shige ɗaki, ta daina magana da kowa har da akuya. Shi kuwa Minas washegari ya fara gaishe da Fotini. Ta watsa masa ruwan wanke-wanke.

An ɗaura auren Evdokiya da Lefteris a lokacin kaka, aka yi ta rawa har ƙafafu suka kumbura. Kalliyopi ba ta taka ba, amma ran tafiya ta sauko har bakin jirgi, ta kama kunnen ango.

"Ku tafi da albarkata, Allah ya zaunar da ku lafiya. In mace ce, sunana za a sa mata, ko a ina aka haife ta."

"To, Mama," in ji Lefteris, kunnensa ja wur.