Katantanwar Teku a Gafasa

Wani dare, bayan an gama roron gyaɗa, mutanen Gafasa suka ji wani kuka da ba su taɓa jin irinsa ba. Ba na saniya ba ne, ba na jaki ba. Doguwar murya ce mai kauri, kamar bijimi ya faɗa rijiya yana kiran gida. Daga gabas da gari ta taso, ta yi shiru, ta sake tasowa, sannan ta mutu. Karnuka ma ba su amsa ba. Waɗanda suka farka suka tofa addu'a, suka ƙara jan mayafi.

Da safe aka kai ƙara ofishin 'yan sanda na Ajingi, amma ba ta kukan ba. Sata aka yi a gidan marigayi Gwadabe.

Insifeta Mu'azu bai daɗe da isowa daga Gaya ba, yana shan shayi. Da ya ji sunan sai ya ajiye kofin. Ajinsu ɗaya da Gwadabe a sakandare. Gwadabe ya tafi karatu ƙasar Filifin, wadda aka ce tsibirai ce zalla, in ka yi tafiya kaɗan ta kowace fuska sai ƙasa ta ƙare maka. Can ya yi aure, ya zauna shekaru, sannan ya dawo da mata, da 'ya, da ciwon da bai tashi ba. Ya aika wa Mu'azu cewa yana son ganinsa. Mu'azu ya yi ta cewa gobe, har aka kira shi jana'iza.

"Kofur Surajo, ɗauko mota," ya ce.

Matar marigayin ta tarbe su a tsakar gida. Sunanta Noraisa, mutanen gida suna ce mata Ra'isa. Hausarta ta tsince-tsince ce, inda ta gaza sai ta cika da Turanci. 'Yarta Hidaya, wadda ba ta kai shekara goma ba, tana riƙe da gefen hijabinta.

"Me aka ɗauka?" in ji Insifeta.

"Wata 'yar jaka. Fasfon Hidaya na ciki, da katantanwar babanta."

"Naki fasfon fa?"

"Ga shi nan."

Ya duba akwatin. Ba a fasa kwaɗo ba. Ga 'yan kunnen zinari a sama, ga waya, ba abin da aka taɓa. Makullin kuma a ƙarƙashin kwalla ake ajiye shi, duk ɗan gida ya sani.

"Na gama takaba," in ji Ra'isa. "Izinin zamanmu a nan ya kusa ƙarewa. A can kuma farkon shekara ake sabunta lasisin sana'a. Muna da filin busar da kifi a bakin teku, da ɗan shago. In ba fasfo, Hidaya ba ta fita. In ba ta fita, ni ma ba inda za ni."

Insifeta ya durƙusa gaban yarinyar. "Wace irin katantanwa ce?"

"Babba ce, ta kai kaina," in ji Hidaya. "Cikinta ja-ja. In jirgin masunta ya yi dare bai dawo ba, ita ake busa masa ya san inda gida yake. Bakinta ya ɗan fashe. In ba ka sani ba sai ta yanke maka leɓe."

"An ce jiya da dare an ji wani kuka. Ke kika busa?"

"Barci nake. Mama ce ta tashe ni, ta ce Abba ne." Ra'isa ta kau da kai.

Wata murya ta faɗo ta saman katanga. Bara'atu ce, maƙwabciyarsu, wadda ba a taɓa yin magana a gidan nan ta wuce kunnenta ba.

"Ranka ya daɗe, abin nan ba kowa yake yi wa kuka ba! Da marigayi ya zo da shi, duk samarin unguwa sun gwada. Ikirama mai faci ya kumbura kamar kwaɗo, abin da ya fito, wallahi da a masallaci ne sai ya sake alwala."

Kofur ya danne dariya. Insifeta ya ce masa ya bi gabas da gari, ya tambayi masu gonaki inda kukan ya fi ƙarfi.

A zaure ya sami Yusuf, yayan marigayin, zaune a kan buhun dawa. Ya naɗe baki da haɓa da wani tsohon rawani.

"Malam Yusuf, lafiya?"

"Haƙori, yallaɓai."

"Allah ya sawwaƙe. Ka ji kukan jiya?"

"Ban ji komai ba. Na sha magani na kwanta."

"An ce kun yi sa-in-sa da matar ƙaninka a kan gado."

"Ba sa-in-sa. Tambaya na yi, ta ce gaban kowa komai nata ne ita kaɗai. Shi ke nan. Me zan yi da kifin da ban taɓa gani ba? Ƙasar da baƙo ba ya mallakar ko taku ɗaya na fili, a sana'a ma ba ya wuce kashi arba'in cikin ɗari."

Insifeta ya dube shi. "Wa ya gaya maka kashi arba'in?"

"Ji nake a gari."

"A wane garin? Ni ina Gaya ban taɓa ji ba."

Yusuf ya dafe kunci, ya ce haƙorin ya motsa.

Insifeta ya koma wurin Ra'isa, ya ce Hidaya ta je wajen kakarta. Ya yi mata magana da Turanci, a hankali, yadda katanga ba za ta kwashe ba.

"Abin da Yusuf ya faɗa gaskiya ne?"

"Gaskiya ne. Baƙo ba ya sayen fili a ƙasarmu, ko ya auri 'yar ƙasa. A sana'o'i da yawa dole kaso mafi girma ya zama na ɗan ƙasa. Ƙaramin shago kuwa, in ba kana da jari mai yawan gaske ba, ba naka ba ne. Shi ya sa komai da sunana yake."

"Da sunanki. Amma da jarin wa?"

Ta dubi katanga tana murza yatsunta.

"Ba zan rubuta ba," in ji shi, ya mayar da biro aljihu.

"Nasa ne," ta ce da ƙyar. "Daga gida aka aiko masa. Amma in na faɗi haka, na zama wadda ta ara wa baƙo suna, kuma a wurinmu laifi ne na ɗauri. Sai su ƙwace wurin. Gwadabe ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Na dubi idon yayansa na ce nawa ne. Tun ranar ba na iya haɗiye tuwon gidan nan."

"Hidaya fa? Baƙuwa ce a can?"

"A'a. 'Yar ƙasa ce ta wajena. Bayana, komai nata ne."

Insifeta ya daɗe yana kallon akwatin. Fasfo biyu a wuri ɗaya, ɓarawo ya zaɓi na yarinya.

Kofur Surajo ya dawo da ƙaiƙayi a wando. "Yallaɓai, daga gindin wata kuka ne a bakin wata gona. Akwai sawun takalmin roba, na mutum ɗaya. Mai gonar ya ce a hannun mutanen gidan nan ya saya, tun shekarun baya."

Kafin Insifeta ya amsa, tsohuwa Kubura, uwar su Yusuf, ta fito daga ɗakinta tana dogara sanda.

"Mu'azu ɗan Gaya," ta ce. "Ka ci ɗumame a gidan nan kana ɗan makaranta. Kada ka wahalar da kanka. Ni na ɗauka. Ba na so a tafi mini da jika."

"To, Inna. Ina kika sa?"

"Na jefa a rijiya."

"Katantanwar ma?"

"Har ita."

"To wa ya busa ta a gona, Inna? Ke da ba ki da haƙorin gaba?"

Tsohuwa ta zauna a bakin turmi, ta rufe fuska da gefen zane.

Idon Insifeta ya kai kan wani abu da ke rataye a bangon rumfa, yanar gizo ta lulluɓe shi. Ƙahon gwanki ne, an huda shi a gefe, bakin ramin ya yi santsi don tsufa.

"Wannan na waye?"

Ba wanda ya tanka a tsakar gidan, sai katanga.

"Na Yusuf ne!" in ji Bara'atu. "Da ana gayya shi ke tara mutane. In ya busa a nan, har Ajingi sai an ɗauki fartanya." Sai ta ji abin da ta faɗa, ta kama baki.

Yusuf yana nan inda aka bar shi. Insifeta ya zauna kusa da shi a kan buhun.

"Malam Yusuf, kwance rawanin in ga haƙorin."

Bai yi gardama ba. Ya warware a hankali. Leɓensa na sama ya kumbura, da sabon yanka a tsakiya.

"Tashi mu je gona," in ji Insifeta.

Suka tafi su uku, yara na binsu daga nesa. Kukar tana tsaye a kan iyaka, tsohuwa, da kogo a cikinta. Yusuf ya zura hannu har kafaɗa, ya jawo jakar. Fasfon na nan lafiya. Katantanwar ta fito cikin rana, fara a waje, ja a ciki kamar kunnen jariri, a wurin da ruwa mafi kusa shi ne rijiya.

"Gonar babanmu ce," in ji Yusuf, yana kallon kunyoyin. "Daga kukar nan har waccan ɗorawa. Gwadabe ya aiko ya ce ya sami sana'a, in an taimaka masa kowa zai huta. Ni na lallashi Inna. Ni na kawo mai saye. Tun daga nan a gonar aro nake noma."

"Ka je wurin lauya?"

"A Kano. Ya bincika, ya ce ko ciyawar wurin ba zan mallaka ba, ni baƙo ne. Na ce yarinyar fa? Ya ce ita 'yar ƙasa ce. Na dawo a mota ina ta tunani. Gona ta zama kifi, kifi ya zama suna, sunan kuma yana kan yarinyar nan. Na ce in ta zauna a hannuna, wata rana abin zai biyo ta gida."

"Uwarta fa?"

"Ban yi tunanin uwarta ba. Ƙarya nake, na yi."

"Me ya sa ka busa? Da ka yi shiru, da ban zo nan ba."

Yusuf ya shafa bayan katantanwar da babban yatsa. "Ƙona fasfon na zo yi. Na buɗe na haska, sai ga hotonta, goshin Gwadabe sak. Ashana ta ƙi kamawa a hannuna. Sai na ga wannan. Yana kwance da ciwo Gwadabe ya gaya mini abin da ake yi da ita. Na ce bari in kira shi, ko sau ɗaya, ya zo ya gaya mini yadda zan yi."

Insifeta ya tuna saƙon Gwadabe. Shi an kira shi lokacin da mai kiran yake da rai.

Da suka dawo, ƙofar gida ta cika. Insifeta ya miƙa wa Ra'isa jakar. Ta buɗe, ta ga fasfon, ta dubi leɓen Yusuf, sai hawaye.

"Yaya," ta ce da Hausarta, "ni na yafe. Yallaɓai, a bar shi. Ni ma ina da..."

"An riga an shigar da ƙara," Insifeta ya katse ta kafin ta ƙarasa gaban jama'a. "In za ki janye, ki zo ofis ki faɗa wa DPO. Yanzu dai sai ya bi mu."

Kofur ya ciro ankwa. Insifeta ya girgiza masa kai.

Hidaya ta kutso tsakanin manya, rungume da katantanwar. "Baffa, ai juya ta ake yi, wajen fashewar ya koma ƙasa. Da ka tambaye ni."

Yusuf ya ɗora hannu a kanta. Ya shiga bayan mota ya sunkuyar da kai. Tsohuwa Kubura tana bakin zaure, ba ta ɗago ba.

Kofur ya tayar da mota. Insifeta ya sa ƙafa ɗaya ciki ke nan, Bara'atu ta leƙo ta saman katanga, wannan karon da ƙaramar murya.

"Ni fa ban gane ba, ranka ya daɗe. To gonar nan ta Malam, baban su Yusuf, yanzu ta waye?"

Ra'isa ta dubi ƙasa. Insifeta ya ja ƙofa ya rufe.