Birki Ya Shanye a Gonar Kabeji

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa na ce!"

Daga cikin mota Sharafaddeen yake jiyo muryar Oga Badung tana tashi a shagon wayoyin Madam Ifechi, nan bayan kasuwar Terminus, da rana tsaka. Sharu, kamar yadda abokai ke ce masa, shi ne direban ƙungiyar. Aikinsa ya bar injin tsohuwar farar bas ɗin a kunne, idonsa a madubi. Bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma da wannan yake yi wa kansa fatawa kullum cewa shi ba ɗan fashi ba ne, shata kawai ake ɗaukarsa.

Ishaku ne ya fara fitowa, dogo, rungume da kwalaye har haɓa. Ya watsa su a baya, ya koma ya ƙaro. Sannan Oga Badung ya fito da baya da baya, gajere mai tumbi, da baƙin gilashi da ƙaramar bindiga, yana huci kamar shi ya ci garin da yaƙi.

Kowa ya kwanta a shagon ban da mai shagon. Ta biyo shi da kujerar roba.

"Ɓarawo! Jama'a, ɓarayi! Allah zai kama ku!"

Ta wurgo kujerar, ta same shi a gadon baya. Oga ya daka tsalle ya faɗa kujerar gaba kamar buhun dankali — TAU!

"Suna harbi! Ja mota, Sharu, ja!"

Sharu ya fizge ta. Mai lemo ya watsar da tire. Mai keke ya hau kwalbati. Suka kutsa lungu, suka ɓulla wani, suka miƙe hanyar Tudun Wada. A baya Ishaku yana ta shewa.

"Mazaje! Wallahi yau mun kwashe!"

"Ni ne Badung!" in ji Oga, yana dukan ƙirji. "Harsashi ya wuce kunnena haka, fiii! Ko gezau ban yi ba."

Sharu bai yi dariya ba. Ya taka birki a wata kwana, ya ji ya yi laushi kamar ya taka nunannen tumatir. A kwana ta gaba sai da ya taka sau biyu kafin ya kama. Ya ci gaba da tuƙi. Ba a kawo wa Oga mugun labari yana cikin yabon kansa.

A can ƙofar shago kuwa, Sufeto Hosana ta iso da mutanenta. Madam Ifechi tana kuka tana zagi, tana kwatanta tumbin Oga da hannu biyu. Sufeton ta bar ta ta tsuguna a inda motar ta tsaya. Wani ɗan ruwa mai maiƙo ne a kan kwalta, ya ɗiga ya bi hanya. Ta dangwala, ta murza, ta sunsuna.

"Ku hau mota," ta ce. "Waɗannan ba za su yi nisa ba."

Bayan gari hanyar ta zama gangare, tsakanin manyan duwatsu, har zuwa rafi. Nan Sharu ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Babu komai. Ya sake takawa. Ya sake. Wayam!

"Oga, birki ya shanye!"

"Ya shanye me?"

"Babu birki!"

"Ja na hannu, wawa!"

"Ai tun bara ya mutu!"

Motar ta ɗauki gudu kamar an kore ta. Oga da harsashi bai sa ya yi gezau ba ya riƙe ƙofa yana kiran sunan mahaifiyarsa. Ishaku yana salati, kwalaye suna zubo masa a ka. Sharu ya danna giya ta biyu da ƙarfi — injin ya yi kururuwa — ga tsohuwa da itace a ka a tsakiyar hanya! Ya murɗe sitiyari hagu. Suka keta shingen kerana, suka faɗa gonar kabeji, suka yi ta niƙa shi, har gaban motar ya haye wani tudun kunya ya tsaya, ƙafafun gaba a sama.

Shiru. Sai ƙarar injin ban-ruwa daga bakin rafi.

Oga ya fito, gilashinsa ya rasa ido ɗaya. Da ya tabbatar yana da rai, sai jarumtarsa ta dawo.

"Mota ba ya lalace haka kawai," ya ce. "Wani ya sayar da ni. Sharu, ba kai ka ce jiya ka duba shi ba?"

"Na duba, Oga. Wallahi lafiyarta ƙalau da safe."

"Oga, mu kwashi abin da za mu iya mu fece," in ji Ishaku. "Wa ya damu da birki yanzu?"

"Ni na damu! Ba na tafiya da maciji a aljihu." Ya saita Sharu da bindiga. "Duba. Ka gaya mini wanda ya yi wannan aiki. In ba ka samo shi ba, kai ne."

Sharu ya buɗe robar man birki. Ƙaf, ko ɗigo babu. Da safe kuwa cike take. To mai ba ya tashi sama, ta wani wuri ya tsiyaye. Ya kwanta rigingine a cikin laka ya ja jiki ƙarƙashin motar. Ya shafa bayan ƙafar gaba ta dama: a bushe. Ta hagu: a bushe. Ya lanƙwasa tiyon roba na kowace ƙafa, babu tsagewa, babu kumburi.

"Me ka gani?"

"Ina zuwa, Oga."

Ya kama siririn bututun ƙarfen da ke kai mai zuwa baya, ya bi shi da yatsa a hankali. Tsatsa, ƙura, tsatsa. Sai yatsansa ya ji santsi. Nan ne. Bututun ya fashe, an gutsure gefensa kamar an ciza. Ya ɗaga ido. A daidai samansa, a jikin ƙarfen daɓen motar, ga wani rami zagayayye, haske yana shigowa ta ciki. Ya taɓa bakin ramin. Ƙarfen ya buɗo ne zuwa ƙasa, wajen fuskarsa. Abin da ya huda shi daga cikin mota ya fito. Ya leƙa ta ramin, ya hango gefen kujerar gaba.

Kujerar Oga.

Babu wanda ya harbe su a Terminus. Kujerar roba aka jefa wa Oga Badung, tsoro ya sa ya matse kunamar bindigarsa, ya harbe birkin motarsa da kansa.

Dariya ta taso wa Sharu har wuya, ta haɗu da tsoro ta koma. Daga inda yake kwance takalma kawai yake gani: na Oga mai tsini, da silifas ɗin Ishaku. Ya san Oga. Mutumin da ya taɓa fasa wa wani baki don ya ce masa gajere, ba zai bar wanda ya san wannan labarin ya kwana duniya ba. In ya ce tsufa ne ya cinye bututun, laifin direba ne. Bindigar dai tana neman mutum ɗaya, kuma su biyu ne a gonar.

"Sharu! Ka mutu ne a ciki?"

Sharu ya debi laka ya toshe ramin.

"Yanka shi aka yi, Oga," ya ce. "Da wuƙa."

"Wa?"

"Ni dai ban sani ba. Amma da na je sayen mai da safe, Ishaku na bari da motar."

"Ni?" Ishaku ya yi dariya, yana zaton wasa ne. "Haba Sharu! Ni da nake cikin motar? In yanke birki in kuma hau? Oga, ka ji fa maganar mahaukata!"

Oga bai sunkuya ya duba ba. Bai ce a nuna masa ba. A nan Sharu ya gane cewa tun a Terminus Oga ya san daga ina harbin ya fito. Ba mai laifi yake nema ba, wanda zai ɗauke masa kunya yake nema.

"Dama na daɗe ina zarginka," in ji Oga.

"Oga, don girman Allah — Sharu, faɗa masa gaskiya! Sharu!"

TAU!

Silifas ɗin suka kife. Ishaku ya zube a kan kabeji yana riƙe da gwiwa, fuskarsa daidai da ta Sharu, suna kallon juna ta ƙarƙashin mota.

Harbin nan ne ya gama musu aiki. Sawun man ya ɓace wa Sufeto Hosana a kan hanyar ƙasa, tana tsaye a mararraba tana tambayar masu wucewa, sai ƙarar ta nuna mata gonar. Oga ya hango motarsu tana gangarowa, ya suri kwali ɗaya ya ruga rafi. Bai yi nisa ba laka ta riƙe shi har cinya. Matan da aka niƙe wa kabeji suka riga 'yan sanda isa gare shi, da fartanya da bokiti. Da ƙyar aka ƙwace shi, babu gilashi, babu haƙoran gaba. Sharu kuwa ta ƙafa aka jawo shi, yana cewa shi direba ne kawai.

Madam Ifechi ta karɓi wayoyinta, wasu sun sha ruwa. Masu gona suka yi asarar shukar rani. Likitoci suka yanke ƙafar Ishaku daga gwiwa. A kotu Sufeto Hosana ta yi bayanin ramin da ta kankare laka ta samu, da kujerar roba, da yadda Oga Badung ya harbi motarsa. Har alƙali sai da ya sunkuyar da kai yana gyaran murya. Ishaku kaɗai ne bai yi dariya ba.

Dukansu uku aka ɗaure, shekaru masu yawa. A gidan yari aka haɗa Sharu da Ishaku ɗaki guda, aka kuma ɗora wa Sharu kula da shi, tunda abokinsa ne. Kullum da safe shi yake goya shi zuwa banɗaki. Ishaku bai taɓa zaginsa ba. Sai dai in ya hau bayansa, ya zagaye wuyansa da dogayen hannuwan nan, ya ɗan matse kaɗan, yakan sa baki a kunnensa ya ce:

"A hankali, direba. Akwai gangare a gaba."