Kifin Teku da Gishirin Kaka

A wani gari nesa da teku, kawun wata yarinya ya kawo mata ɗan kifin teku da akwatin gilashi. Komai na ciki: yashi, fitila, ƙullin gishiri.

Kakarta ta riƙe baki. "Gishiri a ruwan kifi, ga namu ya ƙare? Ɓarna!" Ta ɓoye ƙullin don miya, ta cika akwatin da ruwan rijiya.

Aka saka kifi, ya juya ciki sama.

Yarinyar ta ɗanɗana ruwan. "Wayyo Kaka, lami ne! Kifin teku sai ruwan gishiri. Zai mutu!"

Kaka ta yi salati, ta ruga ta ɗauko ƙullin, suka dama gishirin a ruwan. Kifi ya yi shiru, ya yi shiru, can sai ya kaɗa wutsiya.

Ranar nan, miya lami aka sha, Kaka har da ƙari.