Ƙwan Rediyon Showak

Ranar wata Laraba cikin damina, Usta Uzairu ya rufe shagonsa na gyaran rediyo a kasuwar Gadarif tun da hantsi, ya hau motar Showak. Ƙwan rediyo ya tafi nema, irin na gilashin nan na manyan rediyoyin da, mai yin ja idan ya ɗauki zafi.

Shekara shida ke nan da rasuwar matarsa, 'yarsa tilo kuma, Tibyan, tana aure a Bur Sudan. Abin da ya rage masa a gida sauraro ne. Yana da ƙananan amfilifaya biyu na samma'a, wadda ake kifawa a kunne. Ɗaya Tibyan ta aiko masa, ɗan China mai ƙyalli. Ɗayan shi ya haɗa abinsa cikin gwangwanin alawa. Kullum da yamma sai ya jera su, ya sa kaset ɗin wani makaɗin udu, molon Larabawa, ya zare wannan ƙwai ya soka wancan. Na Rasha kaifi gare shi, yana yankan kunne. Na China tas yake fita amma ba nama. Shi kuwa sauti yake nema mai ɗumi, wanda za ka ji kamar mutum ne zaune kusa da kai. Bai taɓa gaya wa kowa wannan ba.

Wata mata ce mai suna Su'ad, da ta taɓa kawo masa gyara, ta ce akwai tsohon rediyon mahaifinta a ɗakin ajiyarsu a Showak. Da ya isa gidan ta miƙa masa mabuɗi, ta tsaya daga nesa.

"Usta, ka yi sallama kafin ka shiga."

"Da mutum a ciki ne, Hajja?"

"Babu. Haka dai mahaifiyata take yi."

Ya yi sallamar ciki-ciki. Ɗakin yana warin tsofaffin buhunan riɗi da kashin jemage. Rediyon na lungu, wayarsa a guntule. Da ya kwance bayansa ya ga ƙwai biyar. Huɗu ƙura ta binne su, ɗaya kuwa fes, kamar yanzu aka goge shi. Ya kama shi ya ji ɗumi, irin na ƙwan da aka janyo daga ƙarƙashin kaza. Ya ce a ransa zafin kwanon rufi ne. Ya naɗe shi a hankici.

Ya iso gida rana ta yi ja. An yi ruwa, baƙar laka ta maƙale masa a takalmi har yana jan ƙafa. Ya ce bari ya gwada kafin a kira magariba. Ya soka ƙwan a amfilifayar gwangwani, ya kifa samma'a, ya jira wayar ciki ta yi ja.

Udun ya shigo. Uzairu ya runtse ido. Shekara nawa yana jin wannan kaset, bai taɓa jin yatsun makaɗin suna goga tsirkiya ba sai yau. Har numfashinsa yake ji. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

Kaset ya ƙare, ya yi ƙas.

Numfashin bai tsaya ba.

Uzairu ya san aikinsa. Tsohon ƙwai yakan ɗauki motsin ɗaki. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ya ji amon a kunnensa. To, nasa numfashin ne. Ya riƙe shi a ƙirji don ya tabbatar.

Wancan ya ci gaba. A hankali. Shiga, fita.

Sai igiyoyin angarib ɗin da ke bayansa suka yi ƙara, yadda gadon yake yi idan mutum ya zauna. Ya ɗaga gefe ɗaya na samma'ar. Ba komai sai kwaɗi da ɗigar ruwa daga rufi. Bai waiwaya ba. Ya mayar da ita kunne.

"Salamu alaikum."

A kunnen hagu. Murya ƙasa-ƙasa, ba ta mace ba, ba ta namiji ba. Ɗumin nan da yake nema, shi ne a cikinta.

Bakinsa ya riga hankalinsa. "Wa alaikumus salam."

"Ka ɗauko ni daga ɗakina."

"Ban sani ba," in ji shi da raɗa.

"Ba faɗa na zo yi ba. Shekara goma sha tara ina magana, ba mai amsawa. Na saurari gidan nan, Uzairu. Kai ma ba ka da kowa."

Aka ɗauke kahraba, wutar lantarki. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Ɗakin ya yi duhu.

Ƙwan bai mutu ba. Ja ma ya ƙara.

Warin buhun riɗi ya cika hancinsa. Angarib ya sake ƙara, an tashi. Taku ɗaya. Taku biyu.

"Zauna da ni. Kada ka cire."

Kuma yana so ya zauna. Hannuwansa suka yi nauyi a kan cinya, wani daɗi yana saukar masa kamar barci. Ta taga ya hango maƙwabcinsa Usumanu, wanda ya saba biyo masa su tafi masallaci, yana dukan ƙyauren langa-langa. Yana ganin hannun na sauka, yana ganin bakin na motsi. Ba ya jin komai. Kwaɗin ma sun ɓace.

Ya fara Ayatul Kursiyyu. Bai ji muryarsa ba.

Wani sanyi ya sauka a kafaɗarsa, mai yatsu.

"Saura kaɗan," in ji muryar.

Ya tattara abin da ya rage masa na ƙarfi, ya jefa hannu ya damƙi ƙwan. Fatar tafinsa ta yi cuu. Ya murɗa.

"Kada ka bar ni."

Gilashin ya fashe a hannunsa.

Usumanu ne ya ɓalle ƙyauren, ya same shi a ƙasa, ya ja shi waje cikin laka yana masa tofi. Daga baya ya ce bai ga kowa a ɗakin ba, sai dai tsakiyar angarib ɗin a lotse yake, kuma a gaban idonsa ya miƙe.

Hannun ya warke cikin wata guda. Kunnen hagu bai dawo ba, likita kuma ya duba bai ga ciwo ba. Uzairu ya kulle amfilifayoyin biyu a akwati, ya daina karɓar gyaran duk wani abu mai ƙwai. Yanzu da yamma a ƙofar gidan Usumanu yake zama, suna shan gahawar jabana, ya juya masa kunnen dama.

Wata rana Usumanu ya tambaye shi, "Ya Usta, har yanzu abin yana ba ka tsoro?"

Uzairu ya daɗe yana juya finjalinsa.

"Tsoron ya tafi," ya ce. "Abin da ban gaya maka ba, idan na shiga gida na rufe ƙofa, nakan tsaya kaɗan a tsakar ɗaki. Ko za a yi mini magana."