Tabar Da Ta Ƙi Ci

Ana gab da la'asar aka bugo wa Sufeto Ra'afat waya, cewa gobara ta ci wani dattijo a unguwar kafintoci ta garin Dumyaɗ, a ƙasar Masar. Kafin ya isa an kashe wutar. Ɗaki ɗaya ta ci, a hawa na biyu.

Mamacin Usta Shafik ne, tsohon mai ɗinkin kujeru da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara tara. Ƙanensa Rajab, wanda yake jinyarsa, yana zaune a matakala, hannayensa baƙi ƙirin.

"Kana ina lokacin da wutar ta tashi?"

"Gidan shayi, Yallaɓai, tun azahar. Yayana ba ya jin magana. Da taba a baki yake barci."

Sufeto ya shiga ɗakin. Katifa ta cinye, amma farantin toka da ke kan taga bai taɓu ba. Guntayen taba ne cike a ciki, yawanci rabi aka sha. A gefe akwai kwali mai rubutun Italiya.

Lambar 'yar mamacin, Narmin, tana rubuce a bangon falo. Sufeto ya kira, ta ɗauka daga birnin Milan na Italiya, muryarta a dishe.

"Ni nake aiko masa tabar. Ya taɓa ƙona bargo, na tsorata. Irin ta nan Italiya, in ba a zuƙa ba mutuwa take yi da kanta. Kullum sai ya ce na aiko masa taba mai rowa." Ta ja numfashi. "Baffa Rajab fa? Don Allah ku kula da shi, ba shi da kowa."

Sufeto ya zaro kara ɗaya ya kunna, ya ajiye a kan wani tsumma. Ta ɗan ci, ta mutu. Ya san wani lokacin takan ci har ƙarshe, don haka bai yanke hukunci ba tukuna. Ya sauka gidan shayi.

"Rajab? Ya zo," in ji mai shagon. "Amma ƙarfe uku ta wuce. Shayin ma bai kurɓa ba. Na ce masa ko amarya ce ta kore shi, bai ko murmusa ba."

Washegari da safe likita ya kira. "Babu hayaƙi a huhunsa. Ya riga wutar tafiya."

Aka kawo Rajab ofis. Sufeto ya tura masa kofin ruwa.

"Matacce ba ya shan taba, Malam Rajab."

"Ni dai ina gidan shayi."

"Daga ƙarfe uku. Kafin nan fa?"

Rajab ya daɗe yana kallon kofin.

"Shekara tara nake kwashe masa kashi," ya ce a hankali. "Matar da zan aura ta gaji da jira. Jiya na dafa masa miyar mulukiya, ina ba shi a baki, ya tofa mini a fuska. Ya ce ko a raye ko a mace ni bawansa ne. Matashi yana hannuna. Ban san lokacin da na danne masa fuska ba."

"Wutar fa?"

"Sau uku ina kunna tabarsa ina ajiyewa a katifa, sau uku tana mutuwa. Ina tsaye ina kallonsa, yana kallona. Sai na ɗauko kalanzir."

Sufeto ya rubuta, ya miƙa masa biro ya sa hannu. Da Saje ya matso da ankwa, Sufeto ya girgiza kai, aka bar shi haka.

A bakin ƙofa Rajab ya ga agogon bango, ya tsaya cak.

"Goma ta yi," ya ce. "Lokacin juya shi ne, kada bayansa ya yi gyambo."

Saje ya riƙe masa kafaɗa, suka gangara.